Sabon Birij Ranar Auren Saratu

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren ƙanwata Saratu ba, kuma ko na so in manta, mutanen Kontagora ba za su bari ba. Har yau idan na bi ta bakin kasuwa akwai masu ɗaga mini hannu suna wani murmushi da na san ma'anarsa.

Ni ne mai kaɗa jitar bes a ƙungiyar mawaƙan cocinmu, jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri wadda sautinta ke bugun mutum a ƙirji. Sana'ata kuwa gyaran waya, kuma daga nan matsalar ta taso. Duk wanda ya saba buɗe cikin wayoyin mutane yana mayarwa suna aiki, a hankali sai ya fara jin babu abin da ya fi ƙarfin sukundirebansa. Na taɓa gyara wa mahaifiyarmu fankarta (ba ta sake juyawa ba, amma wannan wani labari ne).

A cocinmu amarya ba ta shigowa da tafiya kawai. Da rawa take shigowa, ƙawayenta a gaba a jere, taku biyu gaba, ɗaya baya, tun daga bakin ƙofa har gaban Fasto, kuma kiɗa ba ya tsayawa sai ta isa. Wannan rawar ita ce ta hana Saratu barci tun da aka sa rana. Yarinya ce mai kunya, idan ido ya yi mata yawa ƙafafunta rikicewa suke yi. Ganga ba ta taimakonta, don mai gangarmu ba ya iya kaɗa abu ɗaya sau biyu ba tare da ya ƙara masa ado ba. Sai na ce mata ta manta da kowa, ta bi bes kawai. Muka yi ta gwaji a tsakar gida da yamma, idan akwai wuta in kaɗa mata da jita, idan babu in yi mata da baki, har takun ya zauna mata.

"Yaya, ni fa kai kaɗai nake ji," ta ce mini. "Idan ka tsaya, na tsaya. Don Allah kada ka bar ni a tsakiyar coci dangin miji suna kallona."

Na bugi ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta.

To, a gindin jitar bes akwai wani ƙarfe da aka ɗaure da sukuru a jikin katakon, shi ke riƙe da ƙarshen tsirkiyoyin nan huɗu. Birij muke ce masa. Na jitar cocinmu ya tsufa, ya yi tsatsa, amma yana aikinsa lafiya lau, ban taɓa jin wani ya yi kuka da shi ba. Ni ne dai na nace wa bidiyoyin intanet, inda wasu masu gemu ke rantsuwa cewa idan ka sa birij mai nauyi sautin zai ƙara kauri, ya daɗe yana amo. Sai na ce ai ƙanwata ɗaya ce, dole ranar aurenta bes ya yi maganar da ba a taɓa ji ba a garin nan. Na yi odar sabo, mai ruwan zinare, mai nauyi kamar kwaɗon shago. Bai iso ba sai ana jibi biki.

Ban gaya wa Yaya Bitrus ba. Shi ne shugaban ƙungiyarmu, shi ke kaɗa piyano, kuma mutum ne da ko wayar makirufo ka naɗe ba yadda yake so ba sai ya kwance ya sake. Na ce zan ba shi mamaki (na kuwa ba shi).

A shagona na yi aikin. Na kwance tsirkiyoyi, na cire tsohon birij, na ɗora sabon, sai na ga ramukan sukurunsa ba su dace da na tsohon ba. Ba da yawa suka kauce ba, ɗan kaɗan ne, kuma wannan kaɗan ɗin shi ne bala'in. Na ɗauko injin huda na yi sababbin ramuka dab da tsofaffin, katakon da ke tsakaninsu ya rugurguje, ramuka biyu suka zama ɗaya mai faɗi. Sukuru ya shiga yana ta juyawa, ya ƙi kamawa.

A nan mai hankali zai tsaya ya nemi kafinta. Ni sai na leƙa wajen Malam Garba mai tsire da ke kusa da shagona na roƙi tsinkuna. Ya tambaye ni abin da zan yi da tsinke babu nama, na ce masa aikin injiniya ne. Na kakkarya su na cusa a ramukan, na zuba gam ɗin da nake manne gilashin waya da shi, na mayar da sukuru na ɗaure. Ya kama kuwa! Na sa tsirkiyoyi, na saita, na kaɗa. Ban sani ba ko sautin ya canja da gaske ko kunnena ne ke faranta mini rai, amma na zauna ina gyaɗa kai ni kaɗai. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, tsirkiyoyin nan huɗu idan an ɗaure su, jan da suke yi wa birij ya kai nauyin ƙaton mutum, kuma ba sa hutawa dare da rana.

Ranar biki coci ta cika maƙil. Dangin ango sun zo daga Ibeto a motoci, maƙwabtanmu Musulmi sun cika bencin baya da bakin tagogi, 'yan ƙungiyar zumuntar matan coci sun sha anko. Rana ta buɗe, rufin kwano ya ɗau zafi. Yaya Bitrus ya ga ƙarfen yana ƙyalli a jikin jitar, ya ɗaga gira.

"Wane ne ya taɓa wannan?"

"Ɗan gyara ne, Yaya. Za ka ji bambanci."

Daidai lokacin aka ba mu alama amarya ta iso ƙofa.

Muka ɗauki kiɗa. Ƙawayen amarya suka fara shigowa, Saratu a bayansu cikin farar riga, kanta a sunkuye, amma ƙafarta na sauka daidai kan kowane bugu nawa. Daɗi ya kama ni. Har na fara ɗan karkata kafaɗa irin ta manyan makaɗa.

Ba su yi nisa da ƙofa ba na ji sautina ya ɗan sauka ƙasa da na piyano. Kaɗan ne, sai mai kunne. Yaya Bitrus kuwa mai kunne ne, ya waigo ya harare ni. Na kai hannun hagu na murɗa maɗaurin tsirkiya na ƙara mata ƙarfi, sauti ya dawo daidai. Can kuma ya sake sauka. Na sake murɗawa. A karo na uku ne na sunkuyar da kai na dubi gindin jitar.

Bayan birij ɗin ya ɗaga daga jikin katako. Tsakaninsu akwai wata 'yar kafa da farce zai shiga. Wato duk murɗin da nake yi don in gyara sauti, ƙara jan ƙarfen nake yi yana fitowa.

Zufa ta karyo mini. Na dubi hanya, amarya ko kashi ɗaya cikin uku ba ta ci ba. Taku biyu gaba, ɗaya baya. Ban taɓa jin haushin wannan taku ɗaya na baya ba sai ranar. Na ɗora tudun hannuna na dama a kan ƙarfen na danne shi, ina kaɗawa da 'yan yatsu a haka, hannuna a lanƙwashe kamar na mai ciwon jijiya. Ina jin ƙarfen yana motsi a ƙarƙashin fatata, a hankali, kamar haƙori mai shirin fita.

"Bes ɗinka yana sauka!" in ji Yaya Bitrus ta gefen baki, yana murmushi wa jama'a. "Ka saita mana!"

"Ba zai saitu ba, Yaya."

"Kamar yaya ba zai saitu ba?"

"Ka dai bi ni ƙasa. Ka rage naka."

Kallon da ya yi mini, da kallo na kisa da a ranar an haɗa biki da jana'iza. Amma ya bi ni, ya sauko da piyano, mawaƙa suka bi shi suna kallon juna. Na fara addu'a a zuci, irin addu'ar ciniki: Ya Ubangiji, ka kai ta gaban Fasto kawai, daga nan ko jitar ta kama da wuta ban damu ba.

Sun kai tsakiyar coci ke nan sai wata gwaggon ango, wata ƙatuwar mata mai ɗaurin ɗankwali kamar laima, ta ga amaryar ɗansu ta burge ta. Ta fito daga benci ta tare hanya, ta fara zagaya Saratu da rawa tana guɗa. Wasu mata biyu suka biyo ta. Jerin ya tsaya cak a wuri ɗaya, ana ta rawa ba a gaba. Na dubi kafar nan, yanzu ɗan yatsa zai shiga, har ina hango kan wani tsinken tsire ya leƙo. Hannuna ya gaji. Zufa ta sa tudun hannun yana zamewa a kan ƙarfe. Tsoro na gaske na ji, ba na jitar ba, na yarinyar can da ke tsaye a tsakiyar mutane ba ta jin kowa sai ni.

Gwaggo ta gama, ta koma mazauninta. Saratu ta ɗaga ƙafa za ta ci gaba. Sai hannuna ya zame.

Ƙarar da ta fito daga sifika kamar an jefa buhun kwanoni cikin rijiya. Birij ya fizge gaba ɗaya, ya yi sama, ya dawo yana lilo a ƙarshen tsirkiyoyin a gaban gwiwata. Gutsattsarin tsinke suka watsu a kan piyanon Yaya Bitrus. Mai ganga ya tsorata ya saki sanda, mawaƙa suka yi shiru, wani jariri ya fasa kuka.

Saratu ta tsaya da ƙafa ɗaya a gaba. Ta ɗago kai ta dube ni ta cikin mayafinta. Coci gaba ɗaya ta yi tsit, kuma idanu suka fara barin kaina suna komawa kanta.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na fizgi makirufo daga hannun mai ba da waƙa, na kafa shi a baki, na buɗe murya iya kaurinta:

"Dum. Dum-dum. Durum dum. Dum. Dum-dum. Durum dum."

Ku dubi hoton nan da kyau. Ƙato da ni, da gemu, cikin sabuwar shadda, matacciyar jita rataye a wuya, ƙarfe mai ruwan zinare yana bugun gwiwata, kumatuna a kumbure ina dum-dum a gaban surukai da Fasto da rabin unguwarmu. Wani yaro a bencin gaba ne ya fara ƙyalƙyalewa. Daga nan dariya ta kama kamar wutar kara, har Fasto ya rufe fuska da takardar tsarin sujada, kafaɗunsa suna rawa. Wayoyi suka tashi sama (da yawansu ni na gyara su, abin ya fi ciwo). Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma ban yi shiru ba, don na ga ƙafar Saratu ta motsa.

Ta sauke ta daidai kan dum. Ta ɗaga ɗayar. Mai ganga ya tsinci sandarsa ya shigo, a karo na farko a rayuwarsa ba tare da ado ba. Yaya Bitrus ya share tsinke daga kan piyano ya bi mu. Haka na raka ta da baki har gaban Fasto, taku biyu gaba, ɗaya baya, maƙogwarona kamar an zuba barkono, ita kuma tana rawa tana dariya hawaye na zuba. Babu mai kallon ƙafarta, kowa ni yake kallo.

Bayan an tashi Yaya Bitrus ya karɓi jitar daga wuyana da hannu biyu kamar mai karɓar majinyaci. Abu ɗaya ya ce: "Ina tsohon?" Na ce yana shago. Kafinta ya cike ramukan da katako na gaske, aka mayar da mai tsatsar, kuma aka kafa doka a ƙungiya cewa kada a sake barina ni kaɗai da kayan kiɗa.

A wajen liyafa na laɓe bayan rumfa ina cin shinkafa a tsaye, Saratu ta aiko a kira ni. Na je ina shirin ba da haƙuri, sai ta riƙe hannuna.

"Da ƙarar nan ta tashi na ce shi ke nan, Yaya ya bar ni," ta ce. "Sai na ji ka." Ta share ido, sannan ta ƙara da cewa, "Amma don Allah ranar sunan ɗana kada ka gyara komai."

Abin da na koya ke nan: idan hannunka ya fara ƙaiƙayin gyara abin da bai lalace ba, ka tambaya tukuna ko akwai biki a gida, idan akwai ka zauna a kan hannun har a watse. Ɗan nata yanzu ya fara magana. Ba a koya masa sunana ba, Kawu Dum-dum yake ce mini, kuma ina amsawa.