Rasuwar Makis, Mai Haɗa Haske da Rabawa a Sheme

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har wuya, Malam Barau injiniya, mai kula da ɗakin na'urorin sadarwa na Sheme, yana sanar da jama'ar Kankara da Faskari da Sabuwa rasuwar abokin aikinsa, ɗan akwatin nan da ma'aikata ke kira Makis. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara tara yana aiki ba hutun Sallah.

Ga wanda bai san marigayin ba, shi ne ke karɓar haske kala takwas, kowanne ɗauke da maganar gari guda, ya haɗa su cikin zaren gilashi ɗaya wanda bai fi gashin kai kauri ba, ya tura Funtua. Wanda ya dawo kuma ya rarraba, kowa ya ba shi nasa. Bai taɓa kai gaisuwar Kankara Faskari ba. Ya ji sirrin ƙananan hukumomi uku, bai taɓa tsegunta wa kowa ba. Ba ya shan mai, ba ya cin wuta, ba ya tari irin na janareta. Iyakar abin da Barau ya taɓa ji daga bakinsa shi ne "ƙas", in an soka masa waya.

Game da ciwon ajalinsa, Barau ya ce a faɗi gaskiya ko da za ta ci masa mutunci. Bana da kaka, surukinsa Lawwali ya zo yana roƙo, ya ce barin masara a rumbun ƙauye yanzu kyauta ce ga mutanen daji, ga ɗaki mai ƙofar ƙarfe yana zaune haka nan. Barau ya san doka sarai, amma kunyar suruki ta rufe masa baki. Aka jibge buhu goma sha biyu a gindin marigayin. Masara ta kira ɓeraye, ɓeraye suka sami kafa suka shige cikin marigayin, suka yi ta gwaguyar zaren. Hasken Kankara ya fara dusashewa, na Faskari ya bi. Na Sabuwa ya yi ta fama har kwana uku kafin ya mutu, wayoyi suka zama duwatsu a aljihu.

Ya rasu ya bar abokin tagwaicinsa, wani akwatin irinsa, a Funtua, yana ta turo haske ba mai amsawa. Ya bar wayoyin gilashi takwas a rataye, da janareta da ke ta ruri a banza. Ya bar kuma Suwaiba, ƙanwar Barau da ke aure a wani ƙauye bayan Sabuwa, inda da waya ake gaya wa juna ko hanya lafiya, da waya ake cewa a gudu. Kullum bayan asuba takan kira gida ta ce sun kwana lafiya. Mahaifiyarsu, Hajiya Larai, ba ta san Makis ba, ba ta kuma san zancen masara ba. Jiya ta ajiye wa Barau tuwo, ta tsaya a kansa.

"Barau, ɗiyata hwa? Kwana huɗu ban ji muryatta ba. Ba kai ka gyaran abin ba?"

Tuwon nan bai ciwu ba. Tsoro da kunya sun hana shi ɗaga kai.

An riga an kwance marigayin, an goge shi, an naɗe cikin kwali. Za a kai shi makwancinsa a sito na kamfani ranar da direba ya yarda ya biyo hanya da magajinsa daga Kano, ranar da har yanzu ba a sa ba. An kwashe masarar. Ba a karɓar ta'aziyya ta waya, don babu ta. Barau na zaune a bakin titin Sheme daga safe zuwa la'asar, yana tare duk babur ɗin da ya fito ta wajen Sabuwa. Mai zuwa gaisuwa daga can kada ya wahalar da kansa da goro. Ya biya ta gidan Malam Mas'udu mai faci, ya leƙa ko matarsa Suwaiba da 'ya'yanta suna nan, ya zo ya faɗa.