Turken Akuyar Tasalla

Tasalla ta haura shekara saba'in, ita ce babba a gidan maƙeran Kutemeshi, inda ba a sake hura wutar ƙira ba tun rasuwar mijinta Ladan. 'Ya'yanta duk noma suka kama. A shekarar da aka mai da tuƙi hannun dama, jikanta Mainasara, yaron mota a hanyar Kaduna zuwa Tegina, ya dawo gida daga shi sai jakarsa, domin direbansu ya mance da sabuwar doka a wata kwana, motar ta kwanta a daji. Ya ce ƙira zai yi. Abarshi, Sarkin Maƙeran kasuwa, ya yarda ya koya masa, amma bisa al'ada ɗan gado da uwar maƙerar gidansu yake zuwa, wato ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a doka. In bai kawo ta ba kafin ruwan fari, lokacin da manoma ke tururuwar gyaran fartanya, wani za a ba gurbin.

Ran kasuwa da la'asar Tasalla tana zaune a tsakar gida, Mainasara ya shigo ya ka da wani ƙarfe daga kansa.

"Lafiya lau, angona. Sannu da zuwa. Har an naɗa ka, ka dawo da rawanin a ka?"

"Ke tsohuwa, kin san abin da na ɗauka, kika yi shiru."

"Ni na naɗa maka gammo ma. Ba kai ka ce mace ba ta san kan maƙera ba?"

Ya zauna a kan turmi ya ba ta labari. Ƙarfen da ya tono a gindin rumbu ya sha tafiya da shi har kasuwar Birnin Gwari, ashe dutsen sikelin auduga ne. Abarshi ya juya shi da ƙafa, ya tambaye shi ko kakansa a kan sikeli yake ƙira. Har masu sayar da gawayi sun taso kallo.

Tasalla ta yi dariya sai da ta share hawaye da gefen zane. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin uwar maƙera mai mariƙi irin na tukunya ba. Ta gaskiya kanta shimfiɗe yake kamar tafin hannu, ƙasanta tsini, don a kafa ta. Guduma ta cinye gefenta ɗaya, in an buga ta kuwa tana amsawa, ba ta yin gum.

Mainasara ya dubi tsakar gidan. Idonsa ya tsaya a kan jar akuyar Tasalla, da baƙin ƙarfen da aka ɗaure igiyarta a jiki.

"Gadon gidanmu kika mai da turken akuya?"

"Gara ta cinye min turaku na itace har na gaji. Wannan kuwa ta gwada, haƙoranta suka zube."

"Naki ma a nan suka zube?"

"Nawa mijin kirki nake jira ya sa min na azurfa. Na samu mai kifar da mota."

"Ba ni ke tuƙi ba."

"Shi ya sa. Ko tuƙin ba a ba ka ba."

Ya ce ai ta girmi ƙarfen, ranar da aka narka tamarsa ita ke riƙe da zugazugi. Ta ce ƙwarai, ita ta ɗauko shi a ka daga Tabanni, da goyon ubansa a baya, ɓauna na bin ta har bakin gari. Ya ce ɓaunar da ta hango fuskarta ai juyawa ta yi. Ya ƙara da cewa in ba ta kwance akuyar ba yau ya sake ta, saki uku. Ta ce to a yi maza, manema na nan cike da zaure.

Da ya miƙa hannu ga igiyar, sai ta daina dariya.

"Tsaya. Kakanka ya bar min magana, kada in ba da ita ga wanda zai gaji ya sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Kawunanka biyu sun tambaya, na ce ta ɓata. Kai ka yi tela ka bari, ka yi mota ta kwanta."

Mainasara ya durƙusa ya share kashin akuya daga kan ƙarfen da hannun rigarsa, ya ɗauki bayan gatari ya soma bugawa, biyu da ƙarfi, ɗaya a hankali, yadda Ladan ke yi sa'ad da yake zaunar da shi yana masa zuga. Ƙarar ta fita har maƙwabta suka leƙo ta saman danga.

Tasalla ta matso tana duban hannunsa.

"Hannun dai na gidan ne," in ji ta. "Kan ne ban san inda aka samo ba."

"Wajen uwar ubana."

Ta kwashe da dariya, ta ce ya ci. Ta shiga madafa ta fito da awartakin Ladan, wanda take juya gasasshiyar doya da shi, ta miƙa masa, ta ce ya tone abarsa kafin ta sake shawara.

Abarshi ya karɓe shi, an kafa uwar maƙerar a rumfar kasuwa kafin hadari ya haɗu. Ran kasuwar da ta wuce Tasalla ta aika masa da fartanyarta, wadda babu abin da ya same ta, ta ce a gyara, in ta dawo a karkace ta kai ƙararsa wurin Sarkin Maƙera.