Rigar Da Ruwa Ba Zai Taɓa Ba

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na ja daga da ruwan sama ba. Ni dai, ba yabon kai ba, a duk Birnin Kudu da wuya ka sami mai saurin gane abu kamata. Ko injin jirgi aka buɗe mini sau ɗaya, gobe sai in koyar da shi (haka nake faɗa a majalisa, kuma har yau ba a kawo jirgin an gwada ni ba).

'Yata Ummi, mai karatun sinadarai a Kano, ta zo hutu da wani ƙyallen auduga wanda bai wuce hankici ba. Ta shimfiɗa shi a tafin hannuna, ta ɗiga ruwa. Ruwan nan ya ƙi shiga. Sai ya dunƙule yana walƙiya, yana gangarawa a hankali kamar raɓa a kan ganyen gwaza. Na karkata hannu hagu ya bi ni, na karkata dama ya dawo.

Ta ce akwai abin da ake kira polima, wasu dogayen sarƙoƙi ne da ido ba ya gani. A ɗakin gwaji sukan fara tsokanar fuskar zaren da sinadari, sannan su dasa sarƙoƙin su kama, su zama jiki ɗaya da audugar, kamar yadda ake tsaga mangwaro a haɗa masa reshen wani. Daga nan ƙyalle ya sami sabon hali. Ta nanata cewa dasawa daban, shafawa daban, don abin da aka shafa ruwa na iya tafiya da shi. Ni kuwa tuni na bar wurin. Abin da kunnena ya riƙe kawai shi ne ƙaro da sitaci su ma polima ne.

Kwana uku ina yawo a sama. Ina ganin manoman Yalwan Damai suna noma cikin fararen riguna, ruwa na zuba yana kauce musu cikin ladabi. Ina ganin buhunan gero suna kwana a fili a tsakiyar Agusta. Ina ganin masu sayar da lema sun zo ƙofar gidana suna roƙo in sassauta musu.

Ana nan sai surukina, Baba Alhaji na Gwaram, ya dawo daga Makka, aka sa walima. Shekara ashirin da biyu ina auren 'yarsa, bai taɓa ba ni wani aiki da ya wuce jera kujeru ba, don a wurinsa ni mai surutu ne kawai. Bana kuwa ya aiko cewa ni zan yi jawabin godiya a madadin dangi. Na ce a raina, in na iso cikin ruwa da riga busasshiya, dattijon nan zai san wa ya ba 'yarsa.

Ummi ta koma makaranta da ƙyallenta. Na jiƙa ƙaro kwano guda, na dama sitacin rogo, na tsoma farar babbar rigata sau uku ina shanyawa. Da na ɗiga mata ruwa, ɗigon ya ɗan tsaya, ni kuma na yi maza na goge shi (masana ba sa takura wa gwaji). Mai ɗakina za ta riga ni tafiya a mota, ta miƙo mini rigar ruwa.

"Malam, ko a bayan babur ka ɗaura ta."

Na ce ta kai wa masu buƙata.

Na sa rigata na hau babur. Ina dab da garin Sara ruwa ya sauko. Mutane suka ruga rumfuna, ni na wuce ina ɗaga musu hannu kamar ɗan takara. Minti biyar na farko, wallahi ban taɓa jin daɗin duniya haka ba. Sai na ji wani abu mai kauri yana bin gadon bayana, kamar an juye mini kunu a wuya.

Ruwa ya ɗauke, ƙwarin shinge suka fito suna tashi. Duk wanda ya taɓa ni ya zauna. Ƙaiƙayi ya zauna, ganyen darbejiya ya zauna, har da gashin zabuwa. Kafin in isa Gwaram na fi kama da shingen gona.

Komawa ba ta yiwuwa, an cika rumfa ana jirana. Kuma suruki ba a gaishe shi a tsaye. Na cire takalmi, na durƙusa a kan tabarmar da ke gabansa, wadda aka jera farantan dabino a kai. Baba Alhaji kuwa ya dawo da addu'o'i cike da baki. Ya yi wa Ummi, ya yi wa ƙannenta ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa damina, ya yi wa ƙasa. Ni ina amin, iska na kaɗawa, ƙaro na kamawa.

Aka kira sunana in yi jawabi. Na yunƙura, tabarma ta taso tare da ni. Dabino ya watse har ƙarƙashin kujerun baƙi. Na tsaya riƙe da lasifika, tabarma na reto a gwiwoyina, ƙudajen walimar duka sun bar tuwo sun dawo kaina. Abin da na iya faɗa shi ne sallama, ita ma sau biyu.

Tun ranar, in Ummi na bayani nakan bari ta kai aya. Amma ba wannan ya fi zama mini a rai ba. Baba Alhaji ya dube ni daga hula har ƙafa, bai ko yi murmushi ba, ya ce:

"Malam, in ka gama da rigar, ka bar mana ita. A rataya a rumfar mahauta, ƙudaje sun dame su."