Gemuna da Gemun Hammadu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wayata ta tona mini asiri a gaban dattawan unguwarmu a Mubi.

Ni da Alhaji Hammadu sa'o'in juna ne, tare muka yi karatun allo. Da tashin hankali ya kore mu daga gari, tare muka gudu Yola. Amma da Allah Ya dawo da mu, ni na dawo da farin gemu, shi kuwa nasa baƙi wuluk. A kasuwa ana ce masa "Yaya", ni ana ce mini "Baba". Abin ya tsaya mini a rai (Allah Ya yafe mini). Sai na shiga yi wa mutane wa'azi a majalisa cewa furfura kwarjini ce, mai gudunta bai san kansa ba.

A ɓoye kuwa na ɗauki waya, na yi ta laluben haruffan boko (ni da hannuna ya saba da ajami) ina neman maganin baƙanta gemu. Ban saya ba, kallo kawai na yi ta yi.

Ranar ɗaurin auren 'yar Hammadu, muna zaune a rumfa muna jiran abinci, babban ɗansa Usmanu ya ba mu labarin binciken da yake yi a jami'a. Ya ce kamfanonin shafukan sada zumunta suna bin sawun mutum, duk abin da ya nema sai tallansa ya riƙa binsa shafi-shafi. Ya nemi aron wayar wani ya nuna mana.

Na miƙa tawa da gadara. "Gwada a nan, ɗana. Ni ban da karatun Alƙur'ani ba abin da nake nema."

Ya buɗe shafin labarai, sai ga tallan wani mutum yana shafa baƙin abu a gemu. Ya yi sauri ya koma shafin zumunta, mutumin ya riga shi zuwa. Usmanu ya kife wayar a cinya, ya ce, "Bappa, ai wani lokaci kuskure suke yi."

"Kuskure sau biyu?" in ji Hammadu. "Miƙo mu gani."

Ya duba, ya dube ni, ya shafa gemunsa.

"Malam, kada ka sayi wannan, ƙaiƙayi yake sa mutum," ya ce. "Nawa ta garin Belel ake kawo mini daga Kamaru. Da ka tambaye ni, ai da na sam maka."

Aka tuntsire da dariya, har liman ya rufe baki da gefen rawani. Ashe tun dawowarmu kwalba nake yi wa hassada.

Har yau gemuna fari ne, ba don tsoron Allah kaɗai ba, har da tsoron bakin 'yan majalisa. Na kuma gane cewa waya ba allo ba ce. Abin da ka rubuta a allo ka wanke shi ya tafi, ita kuwa sai ta jira ranar taro ta biya maka karatunka.