Littafin da Murja Ta Tsinta a Takardar Ƙosai

Jama'a, ku yi mini jaje. Ranar Asabar na yi awa uku a layin mai, ina isa bakin famfo mai gidan man ya rataye tiyo ya ce mini "bukra", wato gobe. A ƙasar da mutum ke tsoron haƙa rijiya kada mai ya fito masa maimakon ruwa! Haka na turo babur ina gumi, na jingine shi a shagona na ɗinki a unguwar Abdulkafi, na kama hanya da ƙafa. Ba yawon banza na fita ba, littafi na je nema.

'Yata Murja, shekararta goma, ita ta dawo daga makaranta da wata takarda mai hatimi uku. Wai Kwamitin Raya Karatun 'Ya'yan Afirka ya zaɓo littattafai ashirin da ya kamata kowane yaro daga shekara takwas zuwa sha biyu ya karanta. Ranar Alhamis za a yi gasa: kowa ya karanta ɗaya, ya tashi ya ba da labarinsa da ka. Murja kuwa yarinya ce da ko gwangwanin tumatir ta samu sai ta karance shi tas. Larabcinta ya fi nawa, ni da na shekara goma sha biyu a nan garin Sabha ina cewa "na'am" ga abin da ban gane ba.

"Baba, na huɗu nake so," in ji ta. "Raƙumar da Ta Ƙi Bin Ayari. Ka yi alkawari?"

Na yi. Bakina ne ya jawo mini.

Ofishin Kwamitin, a gaskiya, sai wanda ya gani. Tutocin ƙasashe sun yi layi, ga na'urar sanyi tana busa wa kujerun da babu kowa a kansu. A bango ga kabad na gilashi, littattafai ashirin ɗin nan a jere suna ƙyalli. Na gaida Mai Girma Sarkin Hatimi, na ce aro na zo.

"Ina iƙamarka?" Takardar zama ke nan.

Na miƙa. Ya juya ta gaba da baya, ya ce mu duka 'yan uwa ne, Afirka uwa ɗaya ce, amma makullin kabad yana hannun Mai Girma Sarkin Makulli, shi kuma ya tafi bakin teku taron ƙara wa juna sani kan yadda za a kusanto da littafi ga yara. Allah Ya ƙara masa sani. Sai dai da ya bar makullin.

Lahadi na koma, Litinin na koma. A rana ta uku wani dattijo mai shara, Barka, ya ji tausayina. Ya waiga hagu da dama, ya tura gilashin da ɗan yatsa. Ashe ko kulle ba a yi ba.

"Ɗauki, ɗana."

Na zaro na huɗu, na ji shi sakayau. Bango ne aka manna a jikin kwali. Na zaro na biyar, haka. Duk ashirin ɗin haka.

"Baba, ina cikinsu?" na tambaye shi.

"An ce ƙura na ɓata takarda, aka kai sito. Daga sito kuma ni shara ce aikina."

Ku ji hikima! Littafin da babu komai a cikinsa ba ya yagewa, gara ba ta ci, ba ya kuma ɓata tarbiyyar kowa. Mu talakawa ba za mu taɓa kai wa wannan zurfin tunani ba.

Da na faɗa wa Murja ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ninke takardar ta yi, ta sa a jaka, ta ce, "Ba komai, Baba." Na fita waje ban san inda zan sa kaina ba.

Maƙwabcina Assoumane, mutumin Damagaram mai aikin gini, ya ce, "Suhaibu, mu a lakwal ɗinmu, makarantar boko ke nan, littafi ɗaya ne, yana hannun mushe, wato malaminmu, kuma ga mu mun girma."

Na ce, "Shi ya sa kake ɗaukar bulo, ni nake ɗinke wandon mutane."

Washegari da safe na sayo ƙosai wajen Rabiatou, 'yar Maraɗi da ke suya a bakin layinmu, don in ɗan wanke laifina. Murja ta buɗe ƙunshin, ta kai ɗaya baki, sai ta tsaya cak. Ta zube ƙosan a faranti, ta shimfiɗa takardar.

"Baba! Raƙumar ce! Shafi na sha bakwai!"

Da gudu muka isa. Rabiatou ta ɗaga wani buhu daga bayan kaskonta, cike da takardu. Ta ce wani mai tura kurar kaya ne ke kawo mata, daga bayan wani sito yake kwaso su.

"Baban Murja, ai takarda ce mai kyau, tana shan mai sosai. Har da zane-zane."

Muka zazzage buhun a tabarma. Murja na kiran lamba, ni da Assoumane muna tono. A nan na ga sauran zaɓin masu girma: akwai na koya wa yara wasan zamiya a kan ƙanƙara, a nan Fezzan tsakiyar hamada, akwai Tarihin Kwamitinmu, juzu'i na ɗaya da na biyu. Waɗannan muka mayar wa Rabiatou da godiya. Shafukan da suka riga suka bi ƙosai kuma, gida-gida muka bi. Assoumane ya je har wajen aikinsu ya karɓo shafi na ashirin da biyu a hannun wani Seydou, wanda ya riga ya goge hannu da shi. Kafin la'asar mun haɗa arba'in da bakwai. Na ɗinke su da keken shago, na yi musu bango da ƙyallen shadda. Na arba'in da takwas, shafin ƙarshe, ya ƙi samuwa. Labarin ya tsaya daidai inda raƙumar ta iso bakin wata rijiya ita kaɗai, ta leƙa.

"To yaya za ki yi?" na tambaye ta.

"Zan san abin da ta gani."

Ranar Alhamis Mai Girma Shugaban Kwamiti da kansa ya zo alƙalanci. Ya yi jawabin awa ɗaya da rabi kan cewa yaron da ke karatu shi ne Afirkar gobe, Afirkar gobe kuwa tana zaune a rana tana hamma. Yara ashirin da shida, babu wanda ya ga littafi sai tawa. Ta miƙe, ta zuba labari. Da ta zo rijiya sai ta ce raƙumar ta ga fuskar uwarta a ruwa, ta gane kewa ce ke damunta ba taurin kai ba, ta juya ta bi sawun ayari.

Mai Girma ya gyaɗa kai. "Daidai! Haka ya ƙare. Sau biyu na karanta shi kafin in sa shi a jeri."

Murja ta dube ni. Na dubi takalmina.

Ta zo ta ɗaya. Aka miƙa mata kyautar littafi a naɗe da kirtani ja, mai hoto ya ɗauka, aka tafa. Kafin ta kwance kirtanin wani ya zare shi daga hannunta a hankali, wai za a yi irin wannan biki a wata makarantar da yamma.

A hanyar gida, da muka kusa layinmu, sai ta ce, "Baba, ni fa ina so in san ainihin abin da ta gani."

Don haka, jama'ar Abdulkafi, duk wanda ya ci ƙosan Rabiatou a makon nan, ya duba aljihunsa da ƙarƙashin tabarmarsa. Shafi na arba'in da takwas muke nema, ko da mai ya jiƙa shi. In mun gama za mu ara wa Mai Girma, ya karanta karo na uku.