Ɓauren da Na Dasa a Gusau

Da hannuna na saro reshen ɓaure a Bungudu, na dasa a tsakar gidana, na yi wa maƙwabta alkawarin ɓaure kwano-kwano. Surukina, Baba na Magami, ya murza ganyen ya ce, "Malam, ganyen ɓaure kaushi gare shi. Wagga cediya ce."

Na yi murmushi irin na masu digiri, na ce masa sabon iri ne.

Shekara huɗu ina ba ta ruwa. Da ta tashi yin 'ya'ya, sai ga su kamar ƙwayar wake, tsuntsaye kaɗai ke ci. Saiwarta kuma ta tsaga katangar maƙwabcina.

Har yau in Baba ya zo, gindinta yake shimfiɗa tabarma, ya ce wa matata, "A tsinko mini sabon iri."