Ranar da Na Zama Manhaja

Ko me zan manta a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da ranar gasar kacici-kacici tsakanin ɗaliban Karaye da na Rogo ba. Lokacin ban daɗe da dawowa gidanmu a Unguwar Hajji ba, bayan na gama karatun kwamfuta a Kano. Na dawo da sabuwar laftof siririya kamar faranti, ga kai cike da iska, aikin yi kuwa babu.

Kawuna Alhaji Sabo, wanda ke aiki a fadar hakimi, shi ya nema mini hanya. Ya ji wata sakandare a nan Karaye za ta karɓi baƙuncin gasar, kuma tana neman mai kula da ɗakin kwamfutarta. Ya kai ni gaban shugaban makarantar ya ce, "Ga ɗana nan. Duk abin da ake yi da na'ura ya iya." (Maimakon in sunkuyar da kai, sai na gyaɗa shi.) Nan take na yi alkawarin haɗa manhajar da za ta nuna tambaya a bango, ta tara maki, ta yi tafi in an ci, ta yi "ɓiii" in an faɗi.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayani. Mu masu haɗa manhaja ba daga fili muke farawa ba. Akwai harsashin da wasu suka riga suka gina, a kansa muke ɗora namu ginin. Shi harsashin nan yana da tsohon yayi da sabon yayi. Tsohon ba ya zaɓe-zaɓe, kusan kowace kwamfuta yana zama a kanta. Sabon kuwa ɗan gayu ne, sai kwamfutar da babbar manhajarta ta kwanan nan ce. Ni da na fito daga birni, wanne kuke jin na ɗauka?

Malama Rabi, mai koyar da lissafi, ita ke riƙe da makullin ɗakin kwamfuta. Ta ce da ni, "Malam, ka zo ka gwada a kan kwamfutarmu mana, ka san ta kwana biyu."

Na ce, "Kada ki damu, Malama. Da tawa zan zo."

Ranar gasa na sha farar shadda, na karya hula. Ɗakin taro ya cika maƙil. 'Yan Rogo sun zo cikin motocin haya da malamansu da masu yi musu tafi. Ga wakilin hakimi a gaba, ga Kawu kusa da shi yana nuna ni da baki. Aka ba ni lasifika in ce wani abu. Kamar an matsa bakina na ce, "Jama'a, daga yau mun yi ban kwana da allo da alli!" Aka yi tafi. Har wani ya yi kabbara.

Na juya zan haɗa laftof ɗina da majigin makaranta. Wayar majigin mai ƙaton kai ce, irin ta da, har da kusoshi biyu na murɗawa. Na duba gefen laftof na dama, na duba na hagu, na ɗaga ta na leƙa ƙasanta (me nake nema a can, oho). Babu ramin da kan nan zai shiga.

Malama Rabi ta matso ta ce a hankali, "Wayar na shiga tamu. A ɗauko?"

Aka ɗauko ta, mutum biyu suka ciccibo. Da aka kunna ta sai da ta yi gurnani kamar injin markaɗe. Na kwafe manhajata a filas na zuba mata, na yi bisimilla, na danna. Sai ga wani farin akwati ya bayyana a bango, ƙato, da rubutun Turanci, kowa na gani.

Mai gabatar da taro, Malam Ɗanlami, malamin Turanci ne, kuma mutum ne da ba ya barin jimla ta wuce bai fassara ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, na'ura na yi mana barka da zuwa!" Ya gyara tabarau ya matsa kusa. "Af... a'a. Cewa ta yi ba za ta iya ba. Wai manhajar Malam ta ce ba ta zama da tsohuwa, a nemo mata yarinya."

Ɗakin ya kece da dariya. Wani daga ɓangaren Rogo ya ce, "To a kai kuɗin gaisuwa mana!" Na yi ta danne-danne, gumi na bin bayana. Na jona wayata zan sauko da sabon harsashin, shi ma ya ce atafau ba zai hau wannan kwamfuta ba. Na saci kallon Kawu. Ya tsura wa silin ido kamar shi aka ba kwangilar gyara shi.

Shugaban makaranta ya yi gyaran murya ya ce a shigo da allo. Aka shigo da shi, aka jingine a gabana. Malama Rabi ta miƙo mini alli (da ta zage ni da ya fi mini sauƙi).

Aka fara gasa. Ɗalibar Rogo ta ci tambayar farko, Malam Ɗanlami ya waiwayo ya ce, "Manhaja, maki biyu ga Rogo." Na rubuta. Ɗan Karaye ya faɗi ta biyu, ɗaliban suka haɗa baki: "Manhaja, ina ɓiii ɗin?" Wallahi na yi. Da bakina, a gaban wakilin hakimi, cikin farar shadda, na ce "ɓiii."

Ana tsaka da haka, saboda ruɗewa na zuba makin Rogo a gidan Karaye. Wani malaminsu ya miƙe yana ɗaga hannu: "Ranka ya daɗe, a duba mana! Wannan manhaja 'yar Karaye ce!" Na goge da hannun riga. Kafin a tashi, ni da allon ba a bambance wanda ya fi shan alli. Rogo ce ta ci, kuma ni na rubuta hakan da hannuna.

Muka kama hanyar gida ni da Kawu. Sai da muka zo ƙofar gida ya ce, "Amma fa rubutunka na da kyau." Ya shige ciki kafaɗunsa na rawa.

Abin mamaki, an ba ni aikin. Shugaban makaranta ya ce wanda ya sha wannan dariya bai gudu ba zai iya da ɗalibai. Na zauna na sake ɗora manhajar a kan tsohon harsashi, na rage mata ƙyale-ƙyale. Ta buɗe a tsohuwar kwamfutar makaranta, ta buɗe a tawa, ba gardama. Da ita ake gasar har yanzu.

Darasin da na koya shi ne, ba abin da ke hannunka ake dubawa ba, abin da ke hannun masu aikin ake dubawa. Shi ya sa yanzu duk wanda ya kawo mini aiki, gaisuwata ta ƙara tsawo: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya kwamfutarku, shekarunta nawa?